Dusar da ta sauka a kan mayafin Rabi

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta tsakiyar sanyi ba, ranar da na tara jama'a a gindin wani dutse na ƙasar Amurka ina kuka ina wa'azi, da Turancin da bai cika cokali ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Amma sai na fara da matata, don ba don ita ba babu abin da zai kai ni wurin.

Ni Bagobiri ne, daga wani ƙauye kusa da Madawa. Karatuna bai wuce firamare ba. Na zo Greensboro a farkon shekarun dubu biyu, na sami aikin lodi a wani babban sito, na kama ɗan gida a unguwar Glenwood, cikin 'yan jami'a. Matata Rabi ta iso da bazara, bayan mun daɗe muna jiran takardu. Kaka ba ta ƙare ba Allah ya karɓi abinsa. Ciwon bai daɗe ba. Iyakar abin da zan faɗa a kan wannan ke nan.

Rabi ba ta jin Turanci, amma labarin yanayi a talabijin ba ya wuce ta. Mu a gida meteyo muke ce masa. Mutumin da ke tsayawa gaban taswira yana nuna gajimare kuwa, Boka ta raɗa masa. Da yamma ina cire takalmi sai in ji ta ce, "Malam, zo ka gani, bokanka ya fito." Wata rana suka nuna tallar wani wurin wasan zamiya a kan ƙanƙara, can cikin duwatsun yammacin jihar. Ga dusar ƙanƙara tana zuba, ga Turawa suna sulalowa. Ta ajiye tsintar wake ta ƙura ido.

"Wai in tana sauka, tana ƙara?"

Na ce ba ta yi.

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan. Sai dai ki leƙa ki ga gari ya yi fari."

"Kai, Malam, ka ji tsoron Allah. Ko yayyafi sai ya buga kwano. Abu ya taso tun daga sama ya faɗo, bai ce uffan ba?"

Na gaya mata ta Greensboro ba ta da auki, kwana ɗaya ta zama caɓi. Na ce in sanyi ya zo zan kai ta dutsen nan ta tsaya a ciki ta saurara da kunnenta. Ta ce ta riƙe ni da maganata. (Ni kaina ban taɓa zuwa dutsen ba. Na yi alkawarin ne kamar wanda ya gaji wurin.)

Bayan rasuwar, mata suka haɗa kayanta don a aika wa mahaifiyarta. Wadda ta jagoranci aikin maƙwabciyarmu ce, Anti Laraba, 'yar Jos, Kirista, ma'aikaciyar jinya, wadda ta riƙe Rabi kamar ƙanwarta tun ranar da ta sauka. Da suka watse sai na tarar da mayafi guda, shuɗi mai duhu, a rataye a bayan kujera. Na bi ta da shi har ƙofa. Ta ce, "Au, mantawa na yi. Akwatin kuma na riga na ɗaure." Ba ta karɓa ba, ni ma ban nace ba.

To a kan mayafin nan na ɗora alkawarin. Na ƙudura a raina zan kai shi dutsen, in shimfiɗa shi a hannuna, dusa ta sauka a kansa. Na san ba wani malami da zai sa mini albarka a wannan, shi ya sa ban gaya wa kowa ba.

Sai sanyin shekarar ya zo da wasa. Yau a sa babbar riga, gobe a cire. A Greensboro ko ƙwaya ba ta faɗo ba. Wurin zamiyar suna da wata lambar waya da ake kira a ji halin da dutsen ke ciki, sai na mayar da ita wuridi. Kullum bayan sallar asuba, kafin in fita tarar bas, in ɗora shayi in kira. Muryar wata mace ce da aka naɗa, tana gaisuwa da fara'a, ta faɗi kaurin ƙanƙarar da ke ƙasa, da hanyoyin zamiya nawa aka buɗe, da yadda sama za ta kasance. Na san naɗi ne, ba wawa ba ne ni. Amma in ta gaishe ni ina amsawa. A wancan lokacin ita ce kaɗai muryar da ke shiga gidan da safe.

Abu ɗaya nake jira ta faɗa, cewa dusa za ta sauka. Kullum sai ta ce akwai a ƙasa, amma daga sama babu labari. Ban taɓa tambayar kaina daga ina ta ƙasan ta zo ba. Na ɗauka tsohuwa ce, dutse ya riƙe ta kamar yadda fadama ke riƙe laima.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, manomi ne da ake tambaya kafin a fita shuka. Yana duban tururuwa in sun fara kwashe ƙwai, da zuwan shamuwa, da inda iska ta juya da hantsi. Ni a cikin wannan ilimi abin da na gada shi ne ƙarfin hali. (Na kuma manta cewa shi kansa ya sha yin binne iri ya ruɓe a ƙasa.) Wata Juma'a da sassafe ina tsaye a wurin jiran bas, na ɗaga kai na ga zobe ya kewaye wata. Gwiwata ta hagu tana suka. Iska ta juya, ta taho da wani sanyi mai yanka. Na ce shi ke nan, an gama.

Bayan sallar Juma'a mukan taru a garejin Alhaji Hamani mu sha shayi. Alhaji Bazabarme ne daga Dosso, yana sayen motocin da suka yi hatsari ya gyara ya tura Kwatano. Tsakanin Bagobiri da Bazabarme kuwa kowa ya san wasa ne, ba a jin haushi. Tun rasuwar Rabi nakan zauna a gefe in sha kofina in tashi. Ranar sai na ji bakina ya ce, "Gobe dusa za ta sauka a dutse."

Aka juyo ana kallona. Alhaji ya tsaya da buta a sama.

"Wa ya gaya maka?"

"Na ga alama."

"Jiya na kalli meteyo. Sun ce sama garau, sanyi kawai, ko gajimare ɗaya babu har Talata."

"Su suka sani. Wata ya yi zobe, iska ta juya, ga gwiwata."

"Jama'a ku ji bawana," in ji Alhaji. "Bature ya harba ƙarfe sama yana leƙen duniya, shi Bagobiri ya zo da gwiwa. Wace ce daga ciki, ta dama ko ta hagu? Don mu san wadda za mu riƙa tambaya."

Aka yi dariya. Na ce in ya isa ya kai ni mu gani. Ya dube ni ɗan lokaci, sannan ya ci gaba da zuba shayi ya ce, "Dakor, na yarda. Ka shirya da wuri. In ba ta sauka ba kai za ka wanke mini mota, gwiwar tana kallo." Sai daga baya na gane ba gardamar ce ta sa ya yarda ba. Watanni ke nan bai ji na yi musu da kowa ba.

Da safe na fito na tarar Anti Laraba ta riga ni shiga motar, da kula cike da shinkafa a cinyarta. Ta ce ba za ta bar maza biyu su hau dutse da yunwa ba, ɗaya tsoho ɗaya mai gwiwa. Labari ya riga ya kai mata ke nan. Mayafin yana ninke cikin rigar sanyina, a kan ƙirji. Ta dubi wurin da ya yi tudu, ta mayar da idonta kan titi.

Tafiya ce mai ɗan nisa. Muka bar gari, muka wuce gonaki, hanya ta fara hawa tana murɗewa. Ni idona yana sama. Shuɗiya tas, kamar an wanke kwano an kife. Duk kwanar da muka sha sai Alhaji ya sunkuya ya leƙa ta gilashi ya ce, "Malam, hadarin nan naka ya yi baƙi ƙwarai, ko mu koma?" Anti ta ce, "Alhaji, ka dubi hanya, ni ina da jikoki."

Da muka isa, abin da na gani bai yi kama da na talabijin ba. Duwatsun duk ja-ja ne, itatuwa tsirara, ciyawa busasshiya. Farin yana wuri ɗaya ne kawai, ya sauko daga ƙololuwa a jere a jere, kamar an shanya fararen zannuwa. Mai hankali da ya tsaya nan ya yi tambaya. Ni na wuce.

Sanyin wurin ya fi ƙarfin bayani. Alhaji da Anti suka shige wani babban ɗaki na katako inda ake sayar da kofi, suna kallon masu zamiya ta taga. Na ce zan zaga. Na bi bayan ginin da ake hayar takalma da sanduna, na wuce wata igiya mai ruwan lemo da aka ɗaura (na ɗauka don motoci aka sa ta), na isa wani lungu kusa da jerin itatuwa masu duhun ganye. Ba kowa. Daga bayan itatuwan ana jin wani ruri mai ƙarfi. Ban ko kula ba. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san in ka ga babban gini a daji, to akwai gurup, wato janareta, a bayansa yana ba da wuta.

Na ciro mayafin na warware. Har lokacin da sauran ƙanshin turarenta a jiki. Na ce wa Rabi na kawo ta, amma abin bai yiwu ba, ta yi haƙuri, mijinta ya cika baki. Ban ɗaga murya ba. Na tsaya haka nan riƙe da shi a hannu biyu.

Sai na ga wani farin ɗigo a kan shuɗin. Sai wani. Iska ta ɗan kaɗo, sai ga ta tana zubowa, laushi kamar garin da aka tankaɗe, tana walƙiya cikin rana. Na ɗaga kai. Babu gajimare ko na rantsuwa. Sama garau, dusa tana sauka a kaina, a kan mayafin Rabi, a daidai lungun da na tsaya. Can wajen fakin motoci kuwa ko ƙwaya babu.

Ina roƙon mai karatu ya yi mini adalci a nan. Mutumin da ya girma inda ake fita roƙon ruwa da riga a juye, ya ga abu ya zubo daga sama ba hadari, a daidai lokacin da ya gama magana da matarsa da ta rasu, me ake so ya ce?

Na durƙusa a kan gwiwoyina, har da mai hasashen. Kukan da ban yi a maƙabarta ba, ranar ya zo. Na tashi na ruga har bakin ginin ina ɗaga wa su Alhaji hannu ta taga. Suka fito a guje, suna zaton faɗuwa na yi. Na ja su har lungun.

"Ku duba sama. Ku duba nan. Alhaji, ina ƙarfen Bature?"

Alhaji ya dubi sama, ya dubi hannun rigarsa da ya fara fari. Na ga ya tafa hannu a hankali yana salati. Na fara kabbara, ya kama kafaɗata ya ce, "A hankali, Malam, ka san ƙasar da muke ciki." Na rage murya na koma addu'a, yana amsawa da amin. Anti Laraba ita kam ba sama take kallo ba, wajen itatuwan take kallo. Ta ce, "Ƙanena, tsaya tukuna." Ban tsaya ba.

Gudun da na yi ya jawo hankalin mutane. Wasu Turawa, mata da miji da wata tsohuwa, suka tsaya a bakin igiyar, wasu suka ƙaru a bayansu. Maimakon in yi shiru, sai na juya gare su. Na ɗaga mayafin. Da guntun Turancina na wurin lodi na gaya musu matata ta mutu, ba ta taɓa ganin dusa ba, na yi mata alkawari, mutumin talabijin ya ce babu, amma ga shi Allah ya aiko, ba gajimare, a nan kaɗai. Na maimaita "a nan kaɗai" ina nuna ƙasa. Tsohuwar ta dafe ƙirji, idonta ya kawo ruwa. Mijin ya buɗe baki zai yi magana, matarsa ta taka masa ƙafa. Ni na ɗauka imani ne ya kama su.

Ana cikin haka sai ga wani ma'aikacin wurin a kan irin babur ɗin nan mai tafiya a ƙanƙara, gemunsa duk ya daskare. Ya tsaya ya gaishe mu da ladabi. Ya nuna igiyar, ya yi magana mai ɗan tsawo, sannan ya karkata kai ya faɗi wani abu cikin rediyon da ke kafaɗarsa.

Rurin nan ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya mutu.

Dusar ta ɗan ƙara yawo a iska, ta tsaya.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Na dubi Anti Laraba, don ita ce mai Turancin kirki a cikinmu.

"Ya ce nan ba wurin baƙi ba ne," in ji ta, tana magana a hankali kamar mai ba majinyaci labari. "Ya ce iska ce ta juya, shi ya sa take zubo mana. Ya kashe ne don kada mu jiƙe."

"Ya kashe me?"

Ta kama hannuna ta zaga da ni bayan itatuwan. Ga shi nan a tsaye kan ƙafafu uku, wani ƙarfe kamar ganga an kwantar, da fanka a ciki, bakinsa yana kallon sama, yana ɗigar da ruwa. Wani tiyo mai kauri ya fito daga gindinsa ya gangara. Mutumin ya biyo mu yana bayani da jin daɗi, irin na wanda ke son aikinsa. Anti tana fassarawa. Ruwan daga wani tafki suke jawo shi a ƙasan dutsen. Injin ya fesa shi sama, sanyi ya daskarar da shi kafin ya faɗo. Duk farin da na gani a dutsen nan, su suka yi shi. Ya ce makonni suna duban hasashe suna jiran rana irin ta yau, sama garau, iska busasshiya, sanyi mai tsanani, don ita ce ta fi kyau da aikin. Wato labarin da Boka ya bayar, wanda na ƙaryata a gaban jama'a, shi ne ma ya sa aka kunna.

Sai ya lura da mayafin da fuskata. Ban san abin da Anti ta gaya masa ba, gajere ne. Ya cire hularsa. Ya yi tambaya a hankali.

"Wai ko kana so ya sake kunna maka," in ji Anti.

Na ce a yi masa godiya.

Hanyar komawa mota ta bi ta gaban mutanen nan. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi ciwo. Tsohuwar ma har ta taɓa hannuna. Na sunkuyar da kai ina tafiya, mayafin yana ɗiga.

Alhaji ya yi ƙoƙari, wannan na shaide shi. Ya tuƙa mu har muka sauko daga dutsen bai ce komai ba, sai kafaɗunsa da ke rawa. Da muka kai wani gidan mai ya faka, ya kifa kai a kan sitiyari.

"Ni abin da ya dame ni," in ji shi da ƙyar, "amin ɗin da na yi ta zubawa. Da furfurata. Bagobiri ya sa na yi wa famfo amin."

Anti ta ce, "Alhaji, ka bari mana," amma ita ma muryarta ta karye. Ta juyo ta dube ni tana share ido. "Ka yafe ni, ƙanena. Rabi nake tunawa. Da tana nan, wallahi sai mun ɗauke ta daga ƙasa."

Gaskiya ta faɗa. Rabi in dariya ta kama ta zama take yi a ƙasa tana dukan cinya. Na tuna ni ne na rantse mata dusa ba ta ƙara, ga shi na tsaya rabin sa'a cikin rurin da ya fi na injin niƙa ban ji komai ba. Sai na ji wani abu ya taso mini daga ciki, na kasa tantance kuka ne ko dariya, na bar shi ya fito. Muka ci shinkafar Anti a cikin mota, ta huce sarai. Washegari na wanke motar Alhaji, ya sa kujera ya zauna yana tambayar lafiyar gwiwa.

Mayafin na shanya shi a banɗaki. Da ya bushe, ƙanshin turaren ya tafi. Wannan ban gaya wa su Alhaji ba. Na ninke shi na sa a akwati. Lambar dutsen kuma ban sake kira ba, don kunyar matar nake ji, ko da yake naɗi ce.

Dusar gaskiyar ta zo ne wajen ƙarshen sanyi, ranar aiki, ina tsaye a tashar bas ta cikin gari da kwanon abincina a hannu. Wata bai yi zobe ba, gwiwata lafiya lau. Boka kuwa ya faɗa tun daren da ya gabata. Ta fara sauka a kan titi da kan motoci da kan kowa, ba ni kaɗai ba. Mayafin yana gida. Na fito daga ƙarƙashin rumfa, na cire hula don kunnena ya fita, na saurara da kyau. Ba ta ce uffan ba. Na ce a raina, to kin ji. Bas ɗina ya zo ya tafi, na jira na gaba.

Har yau a garejin Alhaji sunana Sarkin Dusa, kuma duk wanda zai yi tafiya sai an ce ya fara tambayar gwiwata. Na daina musu. Abin da na koya shi ne, in ka ga rahama tana sauka a kanka kai kaɗai, ka gode wa Allah a zuciyarka, amma kafin ka tara jama'a, ka zaga bayan itatuwa ka duba ko akwai tiyo.